Filin Kwamfuta: An manta kalmar sirrin BIOS, yaya za a yi?

 Darasinmu na yau ya shafi wata matsala da kan sa a jingine lafiyayyar kwamfuta a lungu tana shan ƙura, alhali sau da yawa gyaranta bai wuce na minti goma sha biyar ba. Za a kunna kwamfutar tebur, maimakon tambarin Windows ya bayyana, sai a ga baƙin allo da ɗan akwati a tsakiya ana neman kalmar sirri. Wataƙila malamin da ya sa ta an yi masa canjin wurin aiki. Wataƙila wani a gida ne ya sa ya manta. Wani lokaci kuma haka aka sayo ta a kasuwa, domin da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a Computer Village ta Ikeja ko titin Beirut a Kano tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne, wasu na zuwa da makullin masu su na farko.

Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Don haka kowace kwamfuta da ke kulle a ɗakin kwamfutar makarantarku, kujera guda ce da wani ɗalibi ya rasa ta gwaji. Bari mu ga yadda ake buɗe ta ba tare da an yi ɓarna ba.

Mece ce BIOS?

Kafin Windows ta tashi, akwai wata 'yar manhaja da ke riga ta farkawa. Ba a cikin faifan ajiya take ba, an dasa ta ne a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Aikinta shi ne ta duba ko kayan ciki suna nan lafiya, ta tayar da allon rubutu da fuskar kwamfuta, sannan ta nemo inda Windows take ta miƙa mata ragama. Sunanta BIOS, taƙaitawar Basic Input/Output System ce. Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan a shekarar 1975 a manhajarsa mai suna CP/M, kamfanin IBM kuma ya sa ta a kwamfutarsa ta 1981. Kwamfutocin yanzu suna amfani da sabon tsari ne mai suna UEFI, amma har yau kowa BIOS yake cewa, mu ma haka za mu ce.

Saitin BIOS, kamar kwanan wata da lokaci da inda kwamfuta za ta fara neman Windows, yana bukatar wurin zama. A shekarar 1984 IBM ta fitar da kwamfuta mai suna PC/AT, ta sa mata wata 'yar ƙwayar lantarki ta kamfanin Motorola mai ɗauke da agogo da ma'ajiya mai cin bayit 64 kacal, wato ba ta kai rabin saƙon tes guda ba. Wannan ma'ajiya ita ake kira CMOS, kuma tana da wani hali: muddin akwai wuta tana riƙe abin da aka ba ta, da zarar wuta ta yanke ta manta komai. Shi ya sa aka haɗa ta da batir. A yau batirin shi ne wani ɗan fari mai ƙyalli kamar kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa. Ƙarfinsa bolt 3 ne, lambar kuma girmansa take faɗa: faɗi milimita 20, kauri milimita 3.2.

Daga baya kamfanoni suka riƙa ajiye kalmar sirri a cikin wannan ma'ajiya. To kun ga inda dabarar take. Idan aka raba CMOS da wuta, za ta manta saitin, ta manta da kalmar sirrin tare. Sai dai a sababbin kwamfutoci da yawa an mayar da kalmar sirrin wata ma'ajiya da ba ta bukatar batir, don haka cire batir kaɗai ba ya wadatarwa a ko'ina. Za mu zo kan wannan.

Ku fara gane wane makulli ne

Ba kowace kalmar sirri ce ta BIOS ba, kuma maganin wata ba ya yi wa wata. Guda huɗu ne ake yawan rikitawa.

Ta farko ita ce ta kunnawa. Ana tambayarta da zarar an danna maɓallin wuta, kafin komai ya bayyana. In ba a sa ta ba, kwamfuta ba ta gaba.

Ta biyu ita ce ta shugaba, wadda ake rubutawa Setup, Admin ko Supervisor. Kwamfuta tana tashi lafiya, amma ba za a iya canza saitin BIOS ba. Makarantu da cibiyoyin jarrabawa suna sa ta don kada wani ya tayar da kwamfuta daga filashinsa.

Ta uku ita ce ta faifan ajiya. Ita ma kafin Windows ake tambayarta, amma za ku ga an ambaci HDD ko Hard Disk a saƙon. Wannan a cikin faifan kansa take zaune. Ko an cire batir, ko an ɗauke faifan an kai wata kwamfuta, yana nan a kulle.

Ta huɗu ita ce ta Windows, wadda ke zuwa bayan tambari ya bayyana, tare da sunan mai kwamfuta. Ba ruwanta da BIOS ko kaɗan.

Abin da za mu koya yau yana aiki ne a kan ta farko da ta biyu, kuma a kan kwamfutar tebur. Kwamfutar tafi-da-gidanka daban take: yawancinsu suna ajiye kalmar sirri inda cire batir ba ya gogewa, kwance su kuma yana da wahala. Kada ku gwada a kansu.

Kafin a ɗauko sukundireba

Abu na farko shi ne izini. Idan kwamfutar makaranta ce, malamin kwamfuta ne mai cewa a buɗe, kuma a gabansa za a yi. Idan ta gida ce, a tambayi mai ita. Kalmar sirrin da kuka gani a ɗakin kwamfuta ba lallai mantuwa ce ba, sau da yawa da gangan aka sa. Wanda ya goge ta a ɓoye don ya yi wasan gem, laifi ya yi wa makaranta, kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta shekarar 2015 ta tanadi hukunci kan kutsawa cikin kwamfutar wani ba da izini ba don zamba ko kwasar bayanai. Kwamfutar da aka kawo muku a asirce, ba rasit, ana cewa ku taimaka ku buɗe, ku nisance ta.

Abu na biyu, ku tabbatar an manta ɗin da gaske. Sau da yawa kalmar daidai ce, allon rubutu ne ke yaudara. Ku duba fitilar Caps Lock da ta Num Lock. Idan an sa kalmar da lambobin gefen dama alhali Num Lock a kashe yake, ba lambobi aka shigar ba. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru su ƙara lura: allon rubutun Faransanci da ake kira AZERTY ya bambanta da na Ingilishi, kuma BIOS da yawa tsarin Amurka suke ganewa. Sai ka danna A ta karanta Q, ka danna Z ta karanta W. Canza allon rubutu kawai kan iya warware matsalar.

Yawancin kwamfutoci suna ba da dama uku ne. Bayan nan sai su tsaya cak, sai an kashe an sake kunnawa. Wannan ba lalacewa ba ce, kada ku firgita.

Abu na uku yana da muhimmanci ƙwarai. Ku tambaya ko an kunna BitLocker, wato tsarin Windows da ke rufe bayanan faifai. Idan a kunne yake, taɓa saitin BIOS kan iya sa ya nemi makullin ceto mai lambobi 48. Galibi ana samunsa a asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a takardar da aka buga ranar da aka kunna shi. In babu shi a hannu, a dakata har a nemo. Kada garin neman gira a rasa ido: a buɗe BIOS, a rasa sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara guda.

Kare kai da kare kwamfuta

Kashe kwamfuta bai isa ba. Muddin wayar wuta na jikin soket, akwai 'yar wuta mai bolt 5 da ke yawo a kan babban allo. Ku zare wayar daga bayan kwamfutar gaba ɗaya, ko da an ɗauke wuta, domin ana iya kawowa kuna tsakiyar aiki, UPS da inbata kuma ba sa jiran kowa. Bayan nan ku danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15 don ragowar wutar ta fita.

A cikin kwamfuta akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, inda wayar wuta ke shiga. Kada ku taɓa kwance shi. Yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket.

Kun san ɗan tartsatsin da kan ɗana mutum lokacin hunturu idan ya cire rigar sanyi ko ya taɓa ƙofar mota? Wutar da ke taruwa a jiki ce idan iska ta bushe, kuma tana iya kashe ƙwayoyin lantarki. Kafin ku sa hannu ciki, ku taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar inda ba fenti, ku riƙa maimaitawa. Ku yi aiki a kan tebur, ba kan darduma ko katifa ba. Ku kuma ɗauki hoton cikin da waya kafin ku taɓa komai, don ku san yadda za ku mayar.

Hanya ta farko: cire batir

Wannan ta fi aiki a tsofaffin kwamfutoci da waɗanda aka harhaɗa a shago.

1. Ku kwance murfin gefe. Wasu noti biyu ne a baya, wasu kuma marikin da ake ja kawai.
2. Ku nemo batirin a kan babban allo. Ku lura gefen da ke da rubutu da alamar + shi ke kallon waje.
3. Akwai ɗan ƙarfe da ke riƙe da shi a gefe. Ku tura shi a hankali da farce, batirin zai ɗago da kansa. Kada ku ɓanɓare shi da ƙarfi, mazauninsa na iya karyewa.
4. Ku sake danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15, sannan ku jira minti biyar zuwa goma.
5. Ku mayar da batirin yadda yake, ku rufe murfi, ku jona wuta, ku kunna.

Gargaɗi: kada ku ajiye wannan batir inda ƙannenku za su kai hannu. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona masa hanyar abinci cikin awa biyu. In hakan ta faru, asibiti za a nufa nan take.

Hanya ta biyu: jamfa

Ba jamfar sakawa ba. Wata 'yar hular roba ce da ba ta kai ƙwayar wake ba, mai ƙarfe a ciki, da ake kifawa a kan wasu 'yan tsinkayen ƙarfe don ta haɗa biyu daga cikinsu. A kusa da tsinkayen akwai ɗan ƙaramin rubutu a jikin allo, sai kun haska tocila. Kamfanin Asus kan rubuta CLRTC, Gigabyte kan rubuta CLR_CMOS, MSI kuma JBAT1.

Idan tsinkaye uku ne, hular tana kan na 1 da na 2. Wuta a zare, ku mayar da ita kan na 2 da na 3, ku ƙirga daƙiƙa goma, ku dawo da ita inda take. Idan tsinkaye biyu ne babu hula, sai a haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa goma. A nan ne ake bukatar natsuwa. Babban allo cike yake da tsinkaye masu kama da juna, wasu na fanka, wasu na USB. Tsinken da ba ku karanta sunansa ba, kada ku taɓa shi.

Kwamfutocin ofis, waɗanda su suka fi yawa a makarantunmu, tsarinsu ya ɗan bambanta. A yawancin Dell OptiPlex da kwamfutocin ofis na HP, kalmar sirri tana da jamfarta ta daban mai suna PSWD, cire batir kuma ba ya goge ta. Ga yadda ake yi: a zare wuta, a cire hular, a rufe murfi, a jona wuta a kunna kwamfutar babu hular, a bar ta ta tashi. A lokacin ne take goge kalmar. Sai a kashe, a sake zare wuta, a mayar da hular. Wanda ya manta bai mayar ba, sabuwar kalmar sirri ba za ta zauna ba. A Lenovo ThinkCentre kuwa, ana matsar da hular ne zuwa ɗaya gefen, a kunna na ɗan lokaci har a ji ƙarar "ɗit, ɗit", a kashe, a dawo da ita.

Kowane samfuri yana da littafin bayaninsa a shafin kamfanin, kyauta, da zanen da ke nuna inda jamfar take. Ku duba sunan samfurin a jikin akwati ku nemo littafin kafin ku fara. Matambayi ba ya ɓata.

Idan duka biyun sun ƙi

Akwai kwamfutocin da aka gina da gangan don kada waɗannan hanyoyi su yi aiki. Sababbin kwamfutocin tebur na Dell da suka fito daga wajajen shekarar 2020 ba su da jamfar PSWD. Sai an tuntuɓi kamfanin da lambar Service Tag mai haruffa bakwai da ke jikin akwati, tare da shaidar mallaka, sannan su ba da lambar buɗewa. Wasu kwamfutocin HP kuma suna da wani saiti mai suna Stringent Security. In an kunna shi, jamfa ba ta da tasiri, maganin na iya kaiwa ga canza babban allo ɗungurungum. Wannan shi ne dalilin da ya sa rasit ke da daraja, kuma duk mai sayen kwamfutar hannu ya sa a buɗe masa BIOS a gabansa kafin ya biya.

Za ku ci karo da jerin wasu kalmomi da ake cewa suna buɗe kowace kwamfuta, irin su AWARD_SW. Gaskiya ne wasu BIOS na shekarun 1990 suna da irin wannan ƙofar baya, amma an daɗe da toshe ta. Manhajojin da ake tallatawa wai suna fasa BIOS kuwa, da yawansu ƙwayoyin cuta ne ke ciki. In kun kai nan ba nasara, ku kai wa ƙwararren mai gyara. Sanin inda iyawarka ta tsaya shi ma ilimi ne.

Bayan an buɗe

Aiki bai ƙare ba, domin CMOS ba kalmar sirri kaɗai ta manta ba. Ku shiga BIOS ta hanyar danna maɓallinta da zarar kun kunna: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo ThinkCentre, Delete a yawancin waɗanda aka harhaɗa.

Ku fara gyara kwanan wata da lokaci. Idan agogo ya koma shekarun baya, shafukan intanet masu tsaro za su ƙi buɗewa, domin kwamfuta na gwada takardar shaidar kowane shafi da kwanan watan da take gani. Sai ku duba jerin tashi, ku tabbatar faifan da ke ɗauke da Windows yana sama. Idan Windows ta nuna shuɗin allo ta ƙi tashi, galibi saitin SATA ne ya canza. Ku nemo shi ku gwada ɗaya zaɓin, tsakanin AHCI da RAID ko IDE. Fayilolinku suna nan, goge CMOS ba ya taɓa abin da ke cikin faifai. A ƙarshe ku adana canjin kafin ku fita.

Idan kuka lura agogo yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin ne ya mutu, a sayi sabo. Batirin yana aiki ne sosai lokacin da babu wuta a soket, shi ya sa inda ake yawan ɗauke wuta, ko kwamfutar da aka ajiye tsawon hutu, yake saurin ƙarewa.

Abin da za mu ɗauka

Tunda hular roba guda tana iya goge kalmar sirri, ashe duk wanda ya iya buɗe akwatin ya iya wuce makullin. Masu ƙera kwamfutocin ofis sun san haka, shi ya sa a bayan da yawansu za ku ga wani ɗan kunnen ƙarfe mai rami: wurin rataya kwaɗo ne. Makarantar da ta sa kalmar sirri ta bar akwati a buɗe, rabin aiki ta yi. Sirrin bayanai kuma ba BIOS ke tsare shi ba, domin ana iya ɗauke faifan a karanta a wata kwamfuta, sai in an rufe shi da irin su BitLocker.

Shawara ga ƙungiyoyin kwamfuta na makarantu: ku roƙi malaminku duk kalmar sirrin da aka sa a rubuta ta tare da lambar kwamfutar, a sa a ambulan, a ajiye a ofishin shugaban makaranta. Ranar da aka canza wa malami wurin aiki, ambulan ɗin yana nan.

Aikin wannan mako: da izinin malami, ku sami mutacciyar kwamfuta guda wadda ba a jona ta da wuta ba, ku buɗe, ku nemo batirin CMOS da jamfar gogewa, ku rubuta sunan da aka buga kusa da ita. Sannan ku amsa wannan tambaya: me ya sa cire batir ba ya buɗe faifan ajiyar da aka kulle? Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.